Kirya Biyu a Kan Kanal

Tun da aka zuba mana sabuwar gadar siminti a bayan gida na rasa sukuni. Kowa murna yake, masu babur na wucewa a guje, masu adaidaita sahu na kawo buhunan shinkafa har ƙofar gida, ni kuwa in na fito da safe sai in tsaya ina kallon itatuwan nan biyu da leburori suka ture gefe, suna kwance cikin ciyawa kamar ba su da mai su. In shiga gida, in fito, in sake komawa wurinsu. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa ni son tarkace. Wani yaro mai sana'ar gawayi har ya zo tayi, ya ɗaga gatarinsa ya sari ɗaya don gwaji, gatarin ya yi tsalle ya dawo masa, ya tsaya yana duba bakinsa. Na ce masa, ɗana, je ka wasa gatarinka, wannan ta girmi ubanka. Na tambaye shi sunan itacen, ya sosa ƙeya. Yaron da ke cin abinci da itace, bai san kirya ba.

Ba laifinsa ba ne, haushina ne ya yi yawa. A ina zai gan ta? Yanzu in mutum zai kafa rumfa a ƙofar gida ko ya yi wa awaki shinge, sai ya hau babur ya je wajen 'yan katako ya ce a ba shi fari ko ja, a yanko da inji, a buga ƙusa, shi ke nan. In gara ta cinye bana, baɗi a sake. Mu da muka tashi, kowane itace da sunansa da halinsa da aikin da ake ba shi, kamar mutanen gari. Azarar giginya ta rufin ɗaki ce, kuma ta namijin giginya ake nema, don ta macen taushi gare ta a ciki. Gawo inuwa ne da abincin dabbobi, in ka kafa shi a matsayin gofa, wato ginshiƙin nan mai baki biyu da ke riƙe rumfa, ƙwaro zai mayar maka da shi gari kafin ka ankara. Kuka miya ce da igiya, ba mai hankalin da ke ɗora mata kaya. Dashi da ceɗiya na shinge ne, ka caka su ɗanyu su yi saiwa su tsaya da ƙafarsu. Aduwa allo da ƙotar fartanya, marke gofar rumfa da ta rumbu. Sai kuma kirya, wadda maƙera ke bin gawayinta, mata ke bin taɓaryarta, gara kuwa in ta gan ta sai ta canza hanya.

Mahaifina ba masassaƙi ba ne, manomi ne kamar kowa, amma ba a kafa gofa a unguwarmu sai an kira shi ya duba. Sai ya zaro 'yar wuƙarsa ya fere ɓawon, ya shinshina, wani lokaci ya sa a baki ya tofar, sannan ya ƙwanƙwasa da sanda ya karkata kunne. Darbejiya ɗaci gare ta, marke bauri, kirya kuwa in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa da wata siririyar ƙara kamar an taɓa ƙarfe. Inna, mahaifiyata, dariya take yi masa, ta ce duk wannan wahala ce, a ba ta ɓalli ɗaya ta jefa a murhu, hayaƙi da toka za su faɗi sunan itacen har da na kakansa. Amma abin da ya fi damun Baba ba ƙarfin itace ba ne, haɗi ne. Yakan ce itace ba ya aiki shi kaɗai, kafin ka yabi ƙarfinsa duba wanda za ka haɗa shi da shi. In gofa uku marke ne ta huɗun darbejiya, to rumfar ta huɗun za ta bi, ranar da ta murɗe duk rufin sai ya karkace. Ɗanye da busasshe ba sa zama, ɗaya na motsewa ɗaya na nan yadda yake. In muka ce ai sun yi kama, sai ya ce kama da wane ba ta wane. Na ji maganar nan har kunnena ya gaji, a lokacin ɗauka nake tsoho ne kawai mai son jan aiki.

Ban daɗe da fara riƙe garma ba aka kawo aikin ruwa na noman rani. Katafiloli suka shigo da wata irin ƙara da ba mu taɓa ji ba, ɗorawa da tsamiya da kanya duk suka kwanta, ƙasa ta zama shimfiɗe kamar faifai. Ba zan yi butulci ba, ruwan nan ya ciyar da mu. Mutanen da ke tafiya cin rani suka zauna gida, muka ga tumatir da albasa a watannin da a da ko akuya ba ta samun ɗanyen ganye. Sai dai itatuwan nan su ne shaidun iyaka. Ba wanda ya san gonarsa da igiyar awo, da itace aka santa, daga tsamiyar nan zuwa kanyar can. Tsakanin gonar Baba da ta ƙanensa, wanda nake kira Baffa, akwai wata kirya da kakanmu ya bari, ta rabu biyu tun daga gindi, rassa biyu miƙaƙƙu kai ɗaya. Ranar da aka kayar da ita tare suka tsaya suka sassabe ta, kowa ya ja reshe ɗaya zuwa gidansa, lafiya lau. Sai da aka zo mayar wa kowa gonarsa rigima ta tashi. Akwai wani ɗan yanki da ya fi kusa da bakin ruwa. Baba ya ce kirya can gaba da shi take, don haka yankin nasa ne. Baffa ya ce a'a, ta nan baya take. Kiryar da za ta raba gardama kuwa tana kwance a gidajensu. Baba ya kai ƙara gaban dagaci, aka raba yankin biyu, kowa ya sami abin da bai isa shanya barkono ba, amma daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Sai dai a wurin jana'iza, a miƙa hannu ana kallon wani wuri.

Kamar da gayya, ƙaramin kanal ɗin da aka ja don kai ruwa gonaki ya bi ta tsakanin gidajen. Mu muka koma gefe guda wajen gonaki, gari da masallaci da gidan Baffa suna tsallake. Gadar siminti tana can nesa, in ka fita da kiran salla ka bi ta can, kafin ka iso an sallame. Sai Baba ya ɗauko kiryarsa ya gitta a kan ruwan, ya nemo wani marke mai kauri ya jera mata, aka shimfiɗa guntayen itace a kai, aka kwaɓa ƙasa aka shafe. Shi da bakinsa ya ce haɗin bai yi ba, amma da babu gara ba daɗi. Kadarkon nan ya yi shekaru yana aiki. Ta kansa aka kawo mini amaryata, mata na guɗa suna tsoron zamewa, ta kansa muke fitar da kwandunan tumatir zuwa bakin titi.

Shekarun nan kuwa ba wanda ke da lokacin duba ƙarƙashin kadarko. Lokaci ne da kowa ya rikice da alkama da tumatir. Manyan motoci na jere a hanyar Kadawa suna lodi zuwa kudu, rediyo na rataye a wuyan keke, samari irina ba ma iya cin tuwo a zaune, kullum kunnenmu na wajen ƙarar mota. A cikin wannan hayaniya ce yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, sannu a hankali, har ya zama sai dai ya bambance rana da inuwa. Bai yi ƙorafi ba. Sandarsa ta zama idonsa, kuma salla biyar ɗin nan ba ta wuce shi a jam'i. Kana cikin gida za ka ji shi ya isa kadarko, ƙwas a hagu, ƙwas a dama, sannan ya taka. Wata rana ya ce mini, "Marken nan muryarsa ta dushe, a duba shi." Na leƙa, na ga itace lafiyayye, na shafa masa baƙin mai, kowa ya ce ya yi. Ashe a can inda kansa ke kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruwa ya gama da shi. Marke a tudu namiji ne, amma ba a haife shi don kwana cikin laima ba.

Da wata la'asar ina ɗaure kwanduna na ji ihu. Kafin in iso, wani bawan Allah mutumin Filato mai suna Bitrus, da ke ban ruwan albasa kusa da wurin, ya riga ya faɗa ya ɗago shi. Marken ya karye, kadarkon ya juye gefe guda, ya zubar da tsohon cikin ruwa. Ruwan bai fi ƙugu ba, amma ga wanda ba ya gani ai kogi ne. Bitrus na ta cewa, "Sannu Baba, sannu, ba komai, ga ni na riƙe ka." Baba yana ta lalubar sandarsa. Kiryar kuwa tana nan a gitte, ko motsi ba ta yi ba.

Baba bai ji ciwo a jiki ba, amma daga ranar ya zauna. Ya shimfiɗa buzunsa a zaure, in ladan ya kira salla daga tsallake sai ya ɗaga kai ya saurara har a gama, sannan ya tashi ya yi tasa shi kaɗai. Mutumin da ke tashe mu da faɗa ya koma sai an yi magana uku ya amsa ɗaya. Tuwonsa ya fara dawowa da saura. Ranar Juma'a nakan ɗora shi a keke mu zagaya ta gadar siminti, ya ƙanƙame ni kamar yaro, abin yana ƙona masa rai, kuma sai ya sa na bi ta wani lungu don kada mu wuce ta ƙofar gidan Baffa. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga tsofaffi da zama ya kashe ba cuta ba.

Na ce to bari in yi maza in gyara. Na samo azara na ɗaure guda uku na jera wa kiryar, muka shafe da ƙasa, na jawo shi. Ya ƙwanƙwasa hagu, ya ƙwanƙwasa dama, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya janye. "Ɗaya na lanƙwasa, ɗaya na tsaye," in ji shi. "Mai ido zai gyara tafiyarsa, ni da me zan gyara? Kuma giginya ta sama ce, in ta kwana cikin laima sai yadda marke ya yi." Na kwance azarar. Wani ya ce in sayo turare, itacen nan dogo da aka fara dasawa a lokacin, miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare. Na kawo. Ya fere, ya shinshina, ya ce, "Wannan a ba mai mura." Kafin sati ya zagayo rana ta tsaga shi tun daga kai har gindi.

Daga nan na shiga yawo. Abokaina na bin motocin tumatir zuwa kudu, ni ina bin kasuwanni a kan keke da ɓallin kirya a aljihu. Na je Kura, na je Bunkure, na kai har Dawakin Kudu. Duk inda na ce kirya nake nema mai tsawon da zai gitta kanal, sai a yi mini dariya, a nuna mini taɓarya. A wata kasuwa wani mai itace ya ja ni bayan rumfarsa ya nuna mini wani gungume baƙi wuluk, ya rantse kirya ce daga daji mai nisa. Na sa wuƙa na fere, na kai baki, ɗaci ya kama mini harshe har maƙogwaro. Darbejiya ce aka shafe da baƙin mai. Na ce, "Malam, kiryar taka ta sha magani da yawa." Ya ce, "To ai ba ka ce za ka ɗanɗana ba." A wani ƙauye kuma na sami ta gaske, amma ɗanya, gajeriya, ga ta a karkace. Ko ban kai gida ba na san amsar da zan samu. Na dawo da yamma, na jefar da keken a tsakar gida, na ce ni na gaji, duk ƙasar nan ba sauran kirya.

Inna na daka a lokacin. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai dai akwai ka da son wahala. Kana ta zaga duniya, abokiyarta na kwance a ƙofar gidan baffanka, yana zama a kanta kullum da yamma yana cin goro. Ubanka ya sani, kai ma ka sani, kowa ya yi gum kamar an ce a kamo ɓarawo."

Gaskiya ta faɗa. Washegari na bi ta kan kiryar guda ɗaya na haye, na tarar da Baffa a kan gungumen, ya yi sumul saboda zama. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da sakin fuska, don ni bai taɓa haɗa ni cikin rigimar ba, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, bai tambayi wansa ba. Na kawo maganar a hankali. Ya dube ni ya ce:

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, Baffa, ni na zo da kaina."

"To itacen gado ba a ba da shi ta hannun wanda ba a aiko ba. In yana so ya zo."

"Baffa, ta ina zai zo?"

"Ta inda ya bi ya je gaban dagaci."

Na dawo raina a ɓace, na faɗa wa Baba yadda muka yi, ban rage komai ba. Na zaci zai yi faɗa, har so nake ya yi, ko don in ji muryarsa ta dā. Sai kawai ya juya fuska bango ya ce in kawo masa buta. Kwanaki suka yi ta wucewa a haka, ni ba zaune ba, ni ba tafe ba. Na rasa wanda zan fi jin haushi cikin su biyun, tsofaffi biyu masu furfura suna riƙe da abin da ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinsa ba.

Ana nan sai lokacin yasa ya zo. A kan rufe ruwa na ɗan lokaci, mazan unguwa su fito gayya da shebur da fartanya su kwashe laka da ciyawar da ta toshe kanal. Ranar kowa yana ciki, na gefenmu da na tsallake, Baffa ma yana can gaba ya naɗe wando yana ba yara umarni. Da hantsi ina cikin laka har gwiwa sai na ji surutu ya ɗauke. Na ɗaga kai na ga Baba tsaye a bakin kanal, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, da sandarsa.

"Kai, ina kake?" in ji shi. "Ban ji ƙarar ruwa ba. Zo ka saukar da ni."

Na ce, "Baba, taɓo ne, bari in kawo keke."

"Na ce ka saukar da ni. Zumunta a ƙafa take, ba a keke ba."

Na riƙe masa hannu muka gangara. Laka ta kama masa ƙafa ta cire masa takalmi ɗaya, bai tsaya nema ba. Rigar nan ta yi kaca-kaca. Maza suka dare suka ba shi hanya, Bitrus ya miƙo hannu daga ɗaya gefen ya jawo shi sama. Daga nan ya saki hannuna. Hanyar da ya yi shekaru bai bi ba, ya bi ta da sanda bai kuskure lungu ba, har ya isa ƙofar gidan ƙanensa. Ya laluba, ya sami gungumen, ya zauna. Ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya, na ga fuskarsa ta saki.

Baffa ya iso yana haki, laka har cinya, ya tsaya daga nesa kamar baƙo a gidansa. Can dai ya matso ya rusuna.

"Yaya, barka da hantsi."

"Barka kadai. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Jiki da sauƙi. Ido ne ya tafi." Ya sake ƙwanƙwasa itacen. "Ta riƙe."

"Ta riƙe, Yaya."

"Tawa ma ta riƙe. Marken ne ya gaza."

Mutane sun taru a bakin lungu, kowa ya yi kamar wucewa yake. Sai Baba ya ce, "Ka tuna inda take tsaye?" Na ce a raina shi ke nan, ya sha taɓo ya zo ne don a sake sabon lale. Na ga wuyan Baffa ya ƙage. Amma kafin ya buɗe baki Baba ya ci gaba. "Ni na manta. Na zauna a zaure na neme ta cikin kaina, in ga tsamiya, in ga ɗorawa, in ga mahaifinmu yana ɗaure jaki a gindinta, amma in ce ga inda take a gonar yanzu, ban sani ba. Ina jin tun can ma ban sani ba."

Baffa ya zauna a ƙasa, nan cikin ƙura, ya dafe kai. Da ya yi magana muryarsa ta canza. "Wallahi Yaya, tun ranar da katafila ta wuce ban ƙara sanin wurin ba. Baki ne kawai."

Ban ji Baba ya roƙi itacen ba, ban kuma ji Baffa ya ce ya bayar ba. Tashi kawai ya yi ya daka wa samarin da ke leƙe tsawa, ya ce me suke kallo, su kawo igiya. Sai da ƙarti suka haɗu kafin ta ɗagu, suna nishi suna tsine wa nauyinta. Ana cikin ja Baffa ya juyo ya ce, "To ni yanzu a kan me zan zauna da yamma?" Baba ya ce, "Ka haye, akwai buzu." Dariyar da aka yi ranar har matan cikin gida sai da suka leƙo.

Muka jera su, gindi da gindi, kai da kai, yadda suka tsaya a gona. Baba ya sa aka shimfiɗa duwatsu a ƙarƙashin kawunansu don kada su kwana cikin laima, ya sa aka zaɓi guntayen da za a gitta duk iri ɗaya, yana zaune yana karɓa ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa yana jefar da wanda bai yi masa ba. Faɗansa ya dawo gaba ɗaya, har na fara tunanin ko zaman shirun bai fi mana sauƙi ba. Da aka shafe da ƙasa ta bushe, aka sako ruwa, ladan ya kira azahar, ya tashi ya ɗauki sandarsa. Na miƙa hannu ya ture. Ya isa bakin kadarko, ya ƙwanƙwasa hagu, ya ƙwanƙwasa dama. Murya ɗaya. Ya tsaya kamar yana son ya sake ji, ya sake ƙwanƙwasawa, sannan ya taka ya wuce, bai ko rage tafiya ba. Baffa na tsaye a tsallake yana ta gyara hula, wai shi ma masallaci za shi, hanya ce ta biyo da shi ta nan. Hawaye na yi, ban ɓoye ba.

Shekarun da suka rage wa Baba bai sake salla shi kaɗai ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi. Ta kan kiryoyin nan aka haye da makararsa, Baffa na gaba. Bayan wasu shekaru muka haye mu ma muka raka Baffa. An sha canza guntayen, an sha sake shafe ƙasar, amma su biyun ba wanda ya taɓa su sai leburorin bana.

Shekaranjiya babban ɗan Baffa, wanda muka yi wasan ƙasa tare, yanzu shi ma da furfurarsa, ya zo da yara da kurar ɗaukar kaya. Ya same ni a tsaye a wurin. Muka gaisa, ya ce tun da aikin kiryoyin ya ƙare, kowa ya ɗauki ta ubansa kafin masu gawayi su dawo da zarto. Magana ce mai kyau, ba wanda zai ce bai faɗi daidai ba. Na ce to bismilla, nuna mini ta mahaifinka. Ya zagaya, ya duba wannan, ya duba waccan, ya sa ƙafa ya taɓa. Rana da ruwa sun mayar da su launi ɗaya, santsin zaman ya daɗe da gogewa. Na miƙa masa sandata ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa, ya ɗago yana dariya ya ce shi bai ji bambanci ba. Na ce ni ma haka.

Na ce masa in zai ɗauka ya ɗauki biyun, ya jera su a ƙofar gidansa, gindi da gindi, kai da kai, ya sa musu duwatsu a ƙasa. Ya ce, "To kai fa?" Na ce ƙafata tana nan. Jiya da la'asar na ɗauki sanda na fita. Da na isa sabuwar gadar hannuna ya yi abin da ya ga dama, na ƙwanƙwasa hagu, na ƙwanƙwasa dama, siminti bai ce mini komai ba. Na haye, na tarar ɗan Baffa ya shimfiɗa buzu a kan kiryoyin yana jirana da goro.